Yaushe ake canza taya in ruwa ya sauko ana tsakiyar tsere?

Ƙanina na Daura, na ga tambayarka tun jiya da daddare, na ce bari dai sai na samu natsuwa don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce kun yi tseren awa ɗaya a titin tseren Spa na ƙasar Beljiyam cikin gem ɗin tseren motoci na Assetto Corsa Competizione da 'yan lig ɗinku, an tashi titi a bushe kana na shida, wajen minti 20 sai yayyafi ya fara, kana ganin ɗigo a gilashi ka faɗa fit, wato inda ake tsayawa a canza taya, ka sa tayar ruwa, ko zagaye huɗu ba a yi ba ruwan ya ɗauke, tayar ta dahu, ka sake komawa fit, daga baya da ruwan ya dawo da gaske motar ta juya da kai sau biyu a layin da ka ce ka haddace shi kamar hanyar gidanku. Kana son ka san yaushe ake canza taya, kuma mi ya sa motar ke zamewa a inda ka fi sani.

To wallahi abin da ya same ka ba rashin iya tuƙi ba ne, wanda ya iya tashi na shida a Spa ya iya tuƙi. Matsalar ita ce ka kalli gilashi maimakon ka kalli titi da agogo. Ruwan da ke sauka a gilashi daban, ruwan da ya kwanta a kwalta daban, kuma taya ba ta san gilashi ba, kwalta kawai ta sani. Kwaltar da motoci ashirin da wani abu ke bi a guje da tayoyi masu zafin digiri 80 zuwa 90 ba ta jiƙewa da yayyafin farko, motocin da kansu suke busar da layin duk zagaye. Sai ruwan ya fi ƙarfin wannan busarwar sannan titi ya fara jiƙa da gaske, kuma tsakanin ɗigon farko da wannan lokacin ana iya yin zagaye uku ko biyar, wani sa'in ma ruwan ya wuce bai kai can ba, irin wanda ya yi maka.

Kai da ka tashi a Daura ka san wannan ai ko ba a gem ba. Hadari zai haɗo ta gabas baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, mata na ta kwashe shanya, ƙarshe ɗigo goma ya sauka ya wuce, sai ka ji an ce a Mashi ko Mani aka sha ruwan. Manomin da ya san aikinsa ba ya fita shuka don ya ga hadari, sai ya tona ƙasa da yatsa ya ga iya inda laima ta kai. Haka za ka yi wa titi.

Yadda ake tona ƙasar a wannan gem ɗin, akwai ɗan akwati a sikirin da ke nuna maka yanayin yanzu, da na minti 10 masu zuwa, da na minti 30, kuma yana rubuta halin da titin ke ciki. Muddin kana ganin Optimum ko Greasy to ka zauna a kan silik ɗinka, wato tayar bushe marar zane, santsi ne ya fara amma ba na canza taya ba. In ya koma Damp sai ka buɗe ido ka duba na minti 10 da na 30, idan dukansu ruwa ne mai ƙaruwa ka fara shirin shiga, idan na 30 ya nuna wayewar gari ka daure. In ya rubuta Wet ko Flooded kana kan silik, to ka riga ka makara. Kuma ka tuna a wannan gem taya iri biyu ce kawai, ta bushe da ta ruwa, babu ta tsakiya irin inta mai koren zane da ke cikin gem ɗin F1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ko IM ta gem ɗin Gran Turismo 7. Shi ya sa kuskuren ke da tsada a nan, babu tudun tsira a tsakani, ko ka yi daidai ko ka biya fit biyu. Wani abu kuma, kafin a tashi ka tambayi masu lig ɗin saurin agogon da suka sa wa sabar, wato kwamfutar da ke haɗa ku a intanet, don in an ninka gudun lokaci yanayin ma da sauri yake juyawa, ruwan da ka zata zai daɗe sai ya zo ya wuce kafin ka gama zagaye uku.

Amma ni fa ko akwatin nan ban ba shi amana ɗari bisa ɗari ba, agogo na fi yarda da shi. Ga yadda nake yi, kuma shi nake so ka ɗauka ko da ka manta da sauran. Kafin ranar tsere ina buɗe gwaji ni kaɗai, in auna abu biyu in rubuta a takarda in manna a jikin teburin sitiyari. Na farko, sakan nawa nake asara in na shiga fit na canza taya na fito, daga inda na rage gudu har inda na koma gudu. Na biyu, a titi mai ɗan laima lokacin zagayena nawa ne da silik, nawa ne da tayar ruwa, har in gano lokacin da su biyun suka yi kunnen doki. Wannan lambar ita ce alƙalina. A Spa da motar tsere ajin GT3 zagayen bushe yana kaiwa wajen minti 2 da sakan 20 ga irinmu, to in na gano cewa tayoyin biyu suna haɗuwa a wani lokaci, duk sanda agogo ya nuna na kai can da silik kuma ruwa bai da niyyar tsayawa, ba na tsayawa shawara da zuciyata, shiga nake.

Sai lissafin ragowar zagaye, wanda yara da yawa ba sa yi. A ce don sauƙin lissafi fit na cin maka sakan 60, kuma tayar ruwa ta fi silik da sakan 5 a kowane zagaye. In saura zagaye 8, ribar da za ka samu sakan 40 ce, ka biya 60 ka karɓi 40, ka faɗi kenan, gara ka lallaɓa da silik ɗinka har tutar ƙarshen tsere. In saura 15 ribar 75 ce, shiga ya fi. Amma idan ruwan ƙaruwa yake, wannan 5 ɗin ba za ta tsaya a 5 ba, zagaye biyu masu zuwa za ta zama 15 ko 20, ga kuma haɗarin ka rungumi katanga, to a nan ko saura zagaye biyar ne ka shiga. Sannan in lig ɗinku na da tsayawar dole guda ɗaya, kar ka yi gaggawar kashe ta in akwai alamar ruwa a gaba, ka ja ta har zuwa inda doka ta ba ka dama, don in ruwan ya same ka ba ka tsaya ba tukuna, canjin tayar ya zo maka a kyauta, wanda ya riga ya tsaya kuwa sai ya biya sau biyu.

Kuma kar ka ji kunyar leƙen na maƙwabci. In wani da kuke gudu ɗaya da shi ya riga ka shiga ya sa tayar ruwa, to ya yi maka gwaji kyauta, ka duba lokacinsa a jerin sunaye bayan ya yi cikakken zagaye ɗaya. In ya fi ka da sakan uku ko huɗu ka bi shi, in kai ka fi shi ka yi zamanka.

Kar ka ɗauka ƙananan direbobi kaɗai abin ke kayarwa. A 2021 a Sochi ta ƙasar Rasha, Lando Norris na gaba saura zagaye kaɗan ya ci tserensa na farko a F1, ruwa ya sauko, aka kira shi ya shigo ya ƙi, Lewis Hamilton da ke bayansa ya shiga ya sa inta, ruwan ya ƙaru, Norris ya ƙare na bakwai, Hamilton ya ci nasararsa ta 100. To shi wannan Hamilton ɗin dai, a farkon watan Agusta na shekarar a Hangari, da aka zo sake tashi bayan an tsayar da tsere, titi ya riga ya bushe, kowa ya shige fit ya sa silik, shi kaɗai ya je ya tsaya a layin tashi da inta, zagaye ɗaya ya yi ya shiga fit ya fito a can ƙarshe, Esteban Ocon ya ci tseren. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, da injiniyoyi cike da gareji, sau ɗaya ya dace sau ɗaya bai dace ba. Ni duk sanda na tuna wannan sai in ƙara riƙe takardata.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi mani daɗin amsawa. Layin da ka haddace shi ne ya ci amanarka, kuma dalilin roba ne. Duk zagayen da motoci suka yi a bushe suna goga robar taya a kan layi ɗaya, wurin taka birki da cikin kwana da wurin fita, har ka ga wurin ya yi baƙi. A bushe wannan baƙin shi ne zinariya, roba kan roba tana kamawa. Ruwa na sauka a kai sai ya zama kamar an shafa sabulu, don robar ta cike ƙananan ramukan kwaltar, ta yi sumul, ruwan ba shi da inda zai shige. Gefen da ba kowa ke bi ba kuwa kwaltar na nan da kaushinta, tana da haƙoran da za ta kama taya. Ka taɓa lura da ruwan farko na damina a shataletalen cikin garin Katsina? Inda motoci suka fi bi, inda baƙin mai da ƙura da robar rani guda suka taru, nan ne masu babur ke zubewa, tsofaffin 'yan acaɓa kuwa za ka ga sun buɗe sun bi ta can waje a hankali ba sa kwantar da babur. Wannan ilimin nasu shi ne layin ruwa, ba wani abu ba.

To in titi ya jiƙe, ka matsa daga layin birkinka kamar faɗin mota ɗaya, ka taka birkin a kan kwalta mai kaushi, ka shiga kwanar a makare ta waje, kar ka nemi manne wa cikinta. Dole dai za ka tsallaka baƙin layin sau biyu, wurin shiga da wurin fita, to ka tsallaka shi sitiyari na kusan miƙe, ba birki mai ƙarfi ba totur mai ƙarfi, kamar mai tsallaka kwata da tiren ƙwai a kai. Ka je ka nemi bidiyon Max Verstappen a Birazil 2016, yadda ya taso daga wajen na 16 ya ƙare na uku cikin ruwa a zagayen ƙarshe-ƙarshe, ka lura da inda yake ajiye motar, kusan duk wucewar da ya yi ta inda sauran ba sa bi ne. Shi ma fa ɗan gem ne irinmu, yana tsere a gem ɗin iRacing. Ƙarfin wannan abin ya bambanta daga gem zuwa gem, a iRacing da suka kawo ruwan sama a watan Maris na 2024 in ka taka baƙin layi a jiƙe nan take za ka gane kurenka, a naku gem ɗin bai kai can tsanani ba amma yana nan, musamman in an daɗe ana gudu a bushe kafin ruwan ya zo, irin tserenku.

Farin fenti na gefen titi da dakalin nan mai ja da rawaya na Spa, duk ka ɗauke su a matsayin ƙanƙara. Wanda kake hawa da rabin mota a bushe a kwanar Raidillon ko a shiken ɗin Bus Stop, wato kwanoni biyun nan masu bin juna, in ya jiƙe ko taya ɗaya kar ka ɗora mashi kana kan totur.

Akwai wani dare da ba na mantawa, a Spa ɗin nan dai, ruwa ya yi ƙarfi ina hawowa daga Eau Rouge na fito miƙaƙƙen Kemmel a giya ta shida, feshin motar gabana ya rufe komai, jar fitilarta ta ruwa kawai nake gani tana ƙyaftawa. Sai kawai na ji sitiyarin ya saki a hannuna, nauyin nan da yake yi ya ɓace gaba ɗaya kamar an cire fulogi, ƙarar injin ta ɗaga sama. Motar ta hau kan ruwa kenan, tayoyin ba sa taɓa kwalta. A wannan sakan ɗin duk abin da jikinka ke ce maka ka yi kuskure ne, in ka taka birki ko ka murɗa sitiyari, sanda tayar ta sake kama ƙasa sai ta wurga ka inda ta fuskanta. Na ɗan sassauta totur kaɗan, na riƙe sitiyarin a miƙe ban motsa ba, nauyin ya dawo hannuna, na wuce. Tun ranar nake gaya wa yara kar su cika ƙarfin sitiyari har ya toshe, ka bar mashi sarari yadda za ka ji sanda ya yi sauƙi, don a ruwa hannunka ne ke fara sani kafin idonka. Kuma kududdufan nan wuri ɗaya suke taruwa a kowane titi, in ka yi gwaji cikin ruwa mai ƙarfi sau biyu uku za ka haddace su kamar ramukan hanyar unguwarku.

Abin da za ka iya taɓawa kana cikin tafiya ba shi da yawa, ka sa su a maɓallan sitiyari tun kafin tsere. TC, mai hana taya juyawa a banza in ka taka totur, ka ƙara mashi biyu ko uku, ABS, mai hana taya kullewa in ka taka birki, ma haka, rabon birki ka ɗan mayar da shi baya kaɗan don a jiƙe nauyin mota ba ya zubowa gaba sosai kamar a bushe, tayun gaba ne ke saurin kullewa. Ka riƙa sa giya ta gaba da wuri wurin fita kwana. Birki kuma ka fara shi da wuri, a hankali, ka tsawaita shi.

Iskar taya kuwa nan ne nake zargin ka sake yin wata asarar ba ka sani ba. Silik a wannan gem tana son wajen psi 26 zuwa 27 in ta yi zafi, tayar ruwa kuwa wajen 30 take so. In ka shiga fit a rikice ka zaɓi tayar ruwa ka bar lambobin iskar silik, ka fito da taya mai laushi wadda ba ta buɗe zanenta ta kori ruwa, sai ka yi ta mamakin mi ya sa kowa ke wuce ka. Ka shirya tsarin fit biyu tun a gareji, na bushe da na ruwa kowanne da iskarsa, yadda in lokaci ya yi lamba ɗaya kawai za ka canza a miƙaƙƙen titi. Sannan in ka san za a yi yayyafi kana kan silik, ka ɗan ƙara mata iska tun farko, don titi na yin sanyi zafinta zai sauka, iskar ma ta sauka.

Da ruwan ya ɗauke maka kana kan tayar ruwa, ba lallai ne ka koma fit nan take ba. Tayar ruwa robarta taushi gare ta, ruwan ne ke sanyaya ta, in ta hau busasshen layi sai ta yi zafi ta fara narkewa. To sai ka riƙa nemar mata ruwa, a kowane miƙaƙƙen wuri ka sauka daga layin da ya fara yin fari-fari ka bi gefen da ke da duhun laima, Kemmel da hanyar zuwa Blanchimont sun isa su ba ta numfashi. Da ka yi haka ka duba na minti 30 ka ga ruwan zai dawo, da wataƙila tayar ta kai ka har can ba ka biya fit na biyu ba. In kuma bushewar ce da gaske, alamar komawa silik ita ce feshin motar gaba ya ragu sosai kuma busasshen layin ya kai faɗin mota a kwanoni, ba a miƙe kaɗai ba. Zagayen farko da sabuwar silik mai sanyi a kan siririn layi shi ne mafi haɗari a duk tseren, taya ɗaya ta leƙa laima ka tafi, kar ka yi yunƙurin wuce kowa a wannan zagayen.

Sai abin da ya shafe mu mu na nan. Sabobin yawanci a Turai suke, ni nawa jinkirin netwok ɗin yakan tsaya wajen milisakan 150, wato inda kake ganin motar gabanka ba daidai nan take ba. A bushe kowa na taka birki wuri ɗaya, gem ɗin na iya cankar inda motar za ta kasance. A ruwa kuwa wani zai taka da wuri, wani zai zame, cankar sai ta riƙa kuskure, ka ga ka bugi mutum alhali a sikirin ɗinka akwai tazara. Don haka tazarar da Bature zai bari, kai ka ninka ta, kuma wurin birki kar ka tsaya daidai bayan mutum, ka ɗan goce gefe, ka samu iska mai tsabta ka ga alamun birkinka, in ma ya taka da wuri kana da hanyar wucewa. Makin SA ɗinka, wato makin tuƙi ba tare da karo ba, da ka ce ya zube zai dawo ta haka. Rabin mutanen da ke gabanka a tseren ruwa da kansu za su cire kansu, ni na sha tashi na goma sha wani abu in ƙare cikin biyar na farko ban wuce mutum uku a kan titi ba.

Kuma hadarinmu na gaske ma yana cikin lissafi, tunda lig ɗin Turai da damina suna gabanmu da awa ɗaya, tseren ƙarfe 9 nasu ƙarfe 8 ne namu, ga Isha ga kuma lokacin da hadarin Agusta ya fi son tasowa. Ni na fi zaɓar wanda zai fara bayan an fito masallaci, kuma tun la'asar nake tabbatar da batirin inbata ya cika, kwamfuta da sikirin da sitiyari da na'urar intanet duk a kansa suke tun kafin a tashi, ba sai an ɗauke wuta ba, don iska na kaɗawa ka san abin da zai biyo baya. Ina kuma ajiye waya da data a gefe ko da babban layin ya yanke.

Kafin tserenku na gaba ka buɗe Spa kai kaɗai da yanayi mai canzawa, ka tashi da silik, ruwa ya same ka, ka ƙi shiga fit da gangan har sai motar ta gagara tuƙuwa, kana rubuta lokacin kowane zagaye da abin da akwatin ya rubuta. Sai ka sake, wannan karon da tayar ruwa tun daga farko. Ka turo mani lambobin guda biyu da sunan motar da kake ja, in sha Allahu sai mu fitar da lambar da za ka manna a teburinka. Ka gaida mutanen Daura.